Aska da Hannun da Ke Riƙe da Ita

Filin Tambaya da Amsa

Wasiƙun da na zaɓo a wannan fitowar duk a kan aska suka tsaya. Masu bibiyar filin nan sun san a gidan wanzamai na tashi kafin aikin jinya ya kai ni ɗakin da ake ɗinke raunuka, don haka da abin da na gani a zaure da wanda na gani a asibiti zan haɗa in amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne daga Gusau. Mahaifina wanzami ne, ya rasu ina ƙarami. Bana baffana ya danƙa mini zabirarsa, a ciki akwai aska biyu, da dutse, da wata doguwar fata. Na fara koyo a kan ƙannena. Matsalata wurin wasa aska a fata take. Duk na yayyanka fatar, ranar Juma'a kuma askar ta zarce ta tsaga mini gindin babban yatsan hagu. Baffa ya ce hannuna ne bai faɗa ba tukuna. Me nake yi ba daidai ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sanya albarka a abin da ya bar maka. Baffanka bai yi ƙarya ba, hannu a hankali yake faɗawa. Sai dai fatar nan da ka yayyanka ta nuna mini akwai abin da kake yi a baibai, kuma in ba a gyara shi yanzu ba, a kan kuskuren hannun zai faɗa.

Ina kyautata zaton yadda ka ga ana yi a dutse, haka kake yi a fata. A dutse bakin aska ne ke gaba, domin dutse cin ƙarfe yake yi yana fito da sabon kaifi. Fata ba ta cin ƙarfe. Bakin aska ya fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba, kuma duk askin da aka yi sai ya ɗan karkace nan da can yadda ido ba zai gani ba. Aikin fata ta miƙar da shi ta goge shi. Saboda haka a fata gadon bayan askar ne ke wucewa gaba, bakin yana biye da shi. In kana tura ta daga jikinka, bakin yana kallonka. In kana jawo ta, bakin yana kallon inda ka ɗaure fatar. Ka kwantar da ita sosai, baya da baki duk suna taɓa fata lokaci ɗaya, kuma kada ka danna. Nauyin askar da ɗan abin da hannu ya ƙara ya isa.

Wurin juyawa ne mutane ke jin ciwo, kuma na tabbata a nan ka ji naka. In ka kai ƙarshen fata, a kan gadon bayanta za ka mirgina askar, bayan bai bar fata ba, bakin ne ke tashi sama ya kifa ɗaya gefen. Da babban yatsa da manuni ake murza wuyan askar, wuyan hannu ba ya motsi. Ka lura da abin da ke faruwa in ka jawo ta kusa da kai: kana mirginawa, bakin zai tashi ya faɗo ta wajen hannunka na hagu da ke riƙe da fatar, wato zai matso da faɗin aska guda fiye da inda ka tsaya. Wanda ya ja aska har ƙurewar fata, to ya kai wa babban yatsansa ita da kansa. Ka riƙa tsayawa saura faɗin tafin hannu. In ka ga dama ka ja layi da alli ko gawayi a wurin, kada ka yarda ka ƙetare shi. Yatsun hagu kuma duk su dunƙule a kan mariƙin fatar, kada babban yatsa ya miƙe a samanta. Sannan kafin bakin ya sauka, ka riga ka fara tafiya ta sabuwar hanyar. In ya sauka alhali hannunka bai gama tafiyar da yake yi ba, sai ya ci fata.

Ka duba inda kake ɗaure ta. Ƙusar da aka kafa a bangon ƙasa ba abin yarda ba ce. Tana fita kana tsakiyar ja, hannun hagu ya fizgo, na dama na nan da aska a buɗe. Ƙarfen taga ko ginshiƙin rumfa ka samu, daidai tsayin cibiyarka, ka ɗaure da igiya mai ƙwari, ka finciki fatar da ƙarfi tun aska na cikin kubenta. In kana wasawa fatar ta miƙe sosai. Fatar da ta yi ciki tana naɗe bakin aska ta kashe kaifin, kai kuma sai ka ga ba ta ci ka ƙara dannawa wurin aski, daga nan zamewa ke farawa. Aska dakusasshiya ta fi mai kaifi yanka mai ita.

Ni da zan zaɓa maka, da na ce ka jingine doguwar fatar nan tukuna. Ka sami katako mai santsi, tsawon kamu ɗaya da rabi, ka liƙa masa fata mai laushi, gefen da ba shi da kaushi a sama. Ka ajiye shi a kan benci, hannun hagu ya dafe can ƙarshe ko ma ya koma bayanka. Ka fara da wuƙar da ba ta da kaifi ko kaɗan har yatsunka su saba da murzawar, sannan ka ɗauki aska. Zuwa da dawowa 20 zuwa 30 sun wadatar kafin aski. Saurin nan da kake gani wurin manya, fat-fat-fat har da kiɗa, ba ya ƙara wa aska kaifi ko na anini. Shekaru ne suka kawo shi, ba su suka neme shi ba.

Fatar mahaifinka kada ka yar. Inda ta ɗago ka liƙe da gam ko ka yanke ɓawon ka murje wurin har ya kwanta, domin ɓawon da ya ɗago shi ke riƙe aska ta yi tsalle. In hunturu ya busar da ita, ka shafa mata man kaɗanya ɗan mitsitsi ka murza da tafi, sannan ka wanke hannu da sabulu ka bushe shi kafin ka taɓa aska. Hannu mai maiƙo ko mai kumfa bai dace da ƙota ba.

Gwajin kaifi kuma, don Allah kada ka ja yatsa a tsawon bakin. Ka ɗauki silin gashi ɗaya, ka riƙe shi yana lilo, ka taɓa shi da bakin. In ya tsinke, ta yi. Yatsan da ka yanke, ka karanta amsar da na bai wa 'yar'uwarmu ta Bichi a ƙasa, ka gwada shi yadda na kwatanta mata.

Tambaya: Malam, jikana ne ke rubuta mini wannan daga Daura. Ni wanzami ne ɗan wanzami jikan wanzami. Na ji an ce kana hana wasa aska a tafin hannu. Haka muka taras, haka muke yi, ga hannuna nan lafiya lau. Ko ilimin asibiti ne ya sa ka raina na gida?

Amsa: Baba, Allah ya ja da ranka. Ban isa in raina abin da aka ciyar da ni da shi ba. Mahaifina ma a tafi yake ƙarasa wasa askarsa, a tudun nan na wajen ƙaramin yatsa, kuma gaskiya ne fatar tafi tana gyara bakin aska. Ban musa ƙwarewarka ba. Abu biyu ne suka sa nake roƙon a bari, ka saurare ni ka yi hukunci.

Na farko, abin da ke kwance a ƙarƙashin wurin. Ta gindin tudun nan ne wata babbar jijiyar ji da wata jijiyar jini suke shigowa tafi daga wuyan hannu. Wannan jijiyar ta ji ita ke ba ƙaramin yatsa da rabin na kusa da shi ji, ita ce kuma ke motsa yawancin ƙananan naman da ke cikin tafi, waɗanda ke buɗe yatsu su haɗe su. Ɗan gaba kaɗan, a wuyan hannu, duk jijiyoyin da ke lanƙwasa yatsu a cunkushe suke wuri ɗaya, fata ce kawai da ɗan abin da ba a rasa ba a samansu. Kai hannunka ya san inda zai tsaya. Amma yaron da ke zaune a gefenka yana kallo, saurin yake gani, bai ga shekarun da ke bayansa ba. Ranar da akuya ta banko tabarma, ko wani ya kira shi ya waiga, a wuyan hannunsa askar za ta sauka. Na ga irin waɗannan yaran an kawo su, hannu a naɗe da rawani, kuma ba duka ne suka koma sana'ar ba.

Na biyu, jini. Askar da ta bi kan mutum ba ta rasa ɗan jini, ko ido bai gani ba, musamman in akwai ƙuraje a ƙeya ko makero a kan yaro. Da hunturu tafin mai aiki da ruwa da sabulu duk a tsattsage yake. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin aƙalla kwana 7 a raye a jikin ƙarfe ko a busasshen jini. Babban binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya gano kusan mutum 8 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita, galibinsu kuma ba su sani ba, domin takan yi shekaru ba ta nuna alama. Wanzamin da ke aske kawuna da yawa ranar kasuwa, sai ka auna sau nawa take ratsawa ta tafinsa.

Wannan maganar ta shafi goge aska ma. Da yawanmu a bayan hannun hagu ko a tafi muke share suma da kumfa. A ninka tsumma mai kauri a ɗora a gwiwa, a shafa askar daga gadon baya zuwa baki, kada a bi tsawonta. Zabira kuma kowace aska a kubenta, kada a cusa hannu ana lalube. In yaro zai miƙo maka aska, a rufe zai miƙo, ko ya ajiye ka ɗauka. Baba, in irinku suka faɗi wannan a gaban Sarkin Aska, yara za su ji fiye da in ni na faɗa sau ɗari a takarda.

Tambaya: Malam, daga Bichi nake rubutowa. Maigidana da kansa yake gyara gemunsa da aska. Kwana 5 ke nan ta suɓuce masa, ya kai hannu ya cafe ta. Ta yanke shi a cikin yatsan tsakiya, yankan bai fi tsawon ƙwayar wake ba. An wanke a kemis an sa filasta, har ya fara haɗewa. Amma kan yatsan ba ya lanƙwasuwa, gefe ɗaya kuma ya ce ba ya jinsa. Shi ya ce tsami ne, zai sake. Ni hankalina bai kwanta ba.

Amsa: 'Yar'uwa, ranar da saƙonki ya iso na mayar miki da amsa don kada ki jira fitowar mujalla. Ina maimaitawa a nan saboda wasu. Hankalinki ya yi daidai da bai kwanta ba. Wannan ba tsami ba ne, alamar yankewar jijiya ce, kuma likitan tiyata yake buƙata cikin gaggawa.

Naman da ke lanƙwasa yatsu ba a cikin yatsun yake ba, a hannu yake, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Wasu fararen jijiyoyi masu ƙwari ne suka taso daga can suka ratsa tafi suka kama ƙasusuwan yatsu. Kowane yatsa yana da biyu ta ciki, ɗaya ta tsaya a gaɓar tsakiya, ɗaya ta zarce har gaɓar kai. Babban yatsa ne kaɗai ke da doguwa ɗaya. A gefe da gefen kowane yatsa kuma akwai siririyar jijiyar ji da ta jini. Wanda ya cafe aska, ya damƙe ta ne daidai lokacin da jijiyoyin nan suka ɗame, don haka ɗan yanka kaɗan ya isa ya raba su. Jijiyar da ta tsinke tana janyewa baya kamar robar danƙo, wani lokaci har cikin tafi. Fata za ta haɗe ta warke sumul a sama, amma bakin jijiyar biyu ba za su taɓa samun juna da kansu ba.

Ga gwajin da kowa zai iya a gida. A miƙar da yatsan, a riƙe gaɓar tsakiya kada ta motsa, a ce wa mutum ya lanƙwasa kan yatsan kaɗai. In ya kasa, doguwar jijiyar ta tafi. Sannan a miƙar da sauran yatsu uku a danne su, a ce ya lanƙwasa wanda ya ji ciwon daga tsakiya. Daga nan ya rufe ido a shafi gefen dama da gefen hagu na kan yatsan da auduga, ya faɗi ko ji ɗaya ne da na sauran. In yankan a bayan hannu ne, a duba ko yatsan yana miƙewa sak. Akwai kuma wanda zai iya lanƙwasawa amma da zafi da rashin ƙarfi. Shi ma ya je a duba, domin jijiyar da ta yanke rabi tana iya ƙarasa tsinkewa bayan kwanaki, yana ɗaukar bokiti ko yana murɗa babur.

Lokaci ne abin tsoro a nan. Ɗinkin jijiya ya fi kyau a kwanakin farko. In aka wuce mako biyu zuwa uku, naman ya gajarce, hanyar da jijiyar ke bi ta toshe, sai aikin ya koma na dashe, wani lokaci tiyata biyu, sakamakon kuma bai kai na farko ba. Ku da ke kusa da Kano, Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano duk suna da likitocin da ke wannan aikin. Na nesa su nemi babban asibiti mafi kusa, su faɗa da bakinsu cewa yatsan ba ya lanƙwasuwa, kada su tsaya a kan "na yanke" kawai. Ku kuma shirya wa haƙuri: bayan ɗinki hannun zai yi kusan mako 6 a ɗaure cikin abin tallafi, ana motsa shi bisa umarnin masu gashin ƙashi, kuma sai wajen mako 12 ake barin mutum ya yi aikin ƙarfi da shi. Jijiyar ji ta fi nawar warkewa, kimanin milimita 1 take tsirowa a rana.

Hausawa sun ce wanzami ba ya son jarfa, kuma na ga gaskiyar wannan a wurin maza masu riƙe aska: su ne na ƙarshe wurin yarda a taɓa su da allura. In ya ƙi jin taki, ki sa yayansa ko amininsa ya yi masa magana yau.

Ga sauran masu karatu: askar da ta suɓuce, a bar ta ta faɗi. A ɗaga hannu sama, a ja ƙafa baya. Giɓin da za ta yi dutse zai cire. In kuwa an riga an yanke, a cire zobe nan take kafin yatsa ya kumbura, a danne da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannu sama da ƙirji, a riƙe minti 10 cur ba tare da ana leƙawa ba. Jini ya tsaya, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu. Ban da toka, ban da ƙasa, ban da man birki ko baƙin mai, ban da ɗaure gindin yatsa da zare ko roba, wannan yana iya kashe yatsan gaba ɗaya. Alif da ake shafawa a ɗan ƙwarzanen fuska ba na rauni mai zurfi ba ne. In raunin ya wage baki, ko a kan gaɓa yake, ko ana hango wani abu fari a ciki, ko jini ya ƙi tsayawa, a tafi asibiti cikin sa'o'in farko. A tambayi allurar tetanus, ciwon nan mai sarƙe haƙora, in an wuce shekara 10 ba a yi ba, ko shekara 5 in raunin ya yi datti. In kan yatsa ya cire ɗungurungum, a naɗe shi a tsumma mai ɗan damshi, a sa a leda a ƙulle, a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara, kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye, a tafi da shi.

Tambaya: Ina da shagon aski a Zangon Kumasi. Askar zamani nake amfani da ita, mai ɗaukar rabin reza. Ba ta buƙatar wasawa, amma kusan kullum sai na yanke wurin karya rezar ko sa ta.

Amsa: Ƙanena, ka riƙe wannan askar da kyau. Ga mai yi wa jama'a aski, a ganina ta fi ta gado, ko da kuwa an ƙera ta gadon a Solingen ta Jamus, saboda kowane kai da rezarsa. Sai dai rezar nan mai baki biyu, tun da King Gillette ya sami rajistar ƙirƙirarsa a Amurka a 1904, don a ɗaure ta cikin mariƙi aka yi ta, ba don a karya da hannu ba. In kana samun wadda aka riga aka raba biyu daga kamfani, ita za ka saya. In babu, kada ka fitar da ita daga takardarta. A cikin takardar za ka ninka ta ta tsawo har ta ce ƙas, ka kau da fuska domin ɓarɓashi na iya tsalle. Wurin sawa, ta gajerun gefuna biyu marasa kaifi za ka kama, hannu a bushe, ido a kan aikin, ba a kan talabijin ko waya ba. In ta cije kada ka tura da ɓargon yatsa, ka buɗe mariƙin ka sake zaunar da ita. Tsohuwar kuma gwangwanin madara ka samu ka tsaga masa baki, nan za ta riƙa faɗawa, in ya cika ka toshe shi. Wadda ka jefa a kwandon shara, hannun yaron shagonka ko na mai tonon bola take jira.

Tambaya: Daga Zariya. Ina gyara wa wani saje na ɗan yanke shi, yana zabura askar ta dawo ta yanke ni a manuni. Na goge da sifirit na ci gaba. Akwai abin da ya kamata in yi?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa. Abin yi a take shi ne ka ajiye aska, ka wanke wurin da sabulu a ruwa mai gudu. Ba a tsotsa, ba a matsa da ƙarfi, ba a zuba ruwan bilic a rauni. Daga nan ku je asibiti a ranar, in mutumin zai yarda ku tafi tare a gwada ku duka biyu. Akwai maganin kariya daga ƙanjamau da ake sha kwana 28, amma dole a fara shi cikin sa'a 72, kuma sa'o'in farko sun fi. In lokacin ya wuce, duk da haka ka je a gwada ka, su sa maka ranar sake gwaji.

Ciwon hanta nau'in B ya fi ƙanjamau saurin kama mutum ta wannan hanyar, amma shi yana da rigakafi: allura 3, ta farko, ta biyu bayan wata 1, ta uku a wata na 6. A 2004 Najeriya ta shigar da ita cikin rigakafin jarirai, wato yawancin waɗanda aka haifa kafin nan ba a yi musu ba. Duk mai riƙe aska don sana'a, ina roƙonsa ya je a gwada shi a yi masa.

Yadda abin ya faru ma akwai gyara. Yatsun da ke ɗame fata a bayan aska suke zama, wajen da ta baro, ba wajen da ta nufa ba. Ka kwantar da ita kusa da fata, tazarar bayanta da fatar kada ta wuce kaurin bayan sau biyu, ka riƙa gajeren ja, kuma kada ka taɓa jan ta a kaikaice ta tsawon bakin. In za ka yi magana da wani, ko ka ga mutum zai yi atishawa, ka ɗage ta gaba ɗaya. Yatsan da ke da rauni a rufe shi da filasta mai hana ruwa kafin a taɓa kan kowa.

Tambaya: Mahaifinmu a Maraɗi ya haura 70, yana da ciwon suga, hannunsa kuma ya fara rawa. Ya ƙi rabuwa da askarsa. Yatsunsa duk ƙananan yanka ne. Ya za mu yi da shi?

Amsa: Ɗana, damuwarku a kan hanya take. Ciwon suga in ya daɗe yana rage ji a yatsu, mutum ya yanke bai sani ba, raunin kuma ya yi nawar warkewa ya riƙa ruruwa. In yana shan maganin tsinka jini, ko da asfirin ne, jinin ma zai daɗe bai tsaya ba. Ku duba yatsun nan yau. Duk wanda ya kumbura gaba ɗaya, ya ɗan lanƙwashe, yana zafi in an miƙar da shi, wannan na asibiti ne a daren, ba na gobe ba.

Kada ku ɓoye masa askar, zai ji kun mayar da shi yaro. Ku yi magana da wanzamin da ya yarda da shi ya riƙa zuwa gida duk safiyar Juma'a, ya yi masa gyaran fuska da askar tasa, wadda ba a taɓa kowa da ita sai shi. Babbanku ne ya kamata ya kai masa maganar, su biyu, ba a gaban jikoki ba. Wasawar ma wanzamin ya karɓa, ko ɗayanku ya koya a kan katako yadda na kwatanta wa ɗanmu na Gusau. Tsakanin Juma'a da Juma'a, ƙaramin injin aski mai batir ya ishe shi rage gashin baki.